Gyaran keke na tafi-da-gidanka a Jalingo: inda ake samun kwastomomin farko

Jalingo na cikin manyan biranen jihohin Najeriya da babur ba shi da 'yancin yawo a titunansu. A shekarar 2012, bayan hare-haren bama-bamai da suka girgiza birnin, ciki har da wanda aka kai wa ayarin kwamishinan 'yan sanda ranar 30 ga Afrilu, gwamnatin marigayi Danbaba Suntai ta hana hawa babur a cikin gari. A watan Janairun 2024 gwamnatin Agbu Kefas ta sake jaddada haramcin, ta kuma taƙaita sa'o'in da Keke Napep ke ɗaukar fasinja. A tsakanin waɗannan matakai biyu ne Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama.

Sakamakon haka, wanda ba shi da mota a babban birnin na Taraba zaɓinsa kaɗan ne: ko ya biya kuɗin Keke Napep da ke hawa tare da farashin mai, ko ya taka sayyada, ko ya hau keke. Birnin kuma ya miƙe ƙwarai tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agustan 1991. Daga Kona zuwa Mile Six, ko daga Mayo Gwoi zuwa Nukkai, tafiya ce da ƙafa ba ta yi mata sau biyu a rana cikin zafin Maris da Afrilu.

Wannan yanayi ne ke sa matasan da suka koyi gyaran keke tunanin ɗaura akwatin kayan aiki a bayan kekensu, su riƙa bin masu kekuna har inda suke, maimakon zama a gindin bishiya suna jiran wanda tayarsa ta sace. Wasu na haɗawa da burin gyaran keken lantarki, wanda ya fara shigowa kasuwannin Arewa. Tunani ne mai ma'ana, amma inda sana'ar ke rayuwa ko ta mutu shi ne watannin farko, lokacin da babu wanda ya san mai gyaran, jarin da ya zuba a kayan aiki kuma yana kwance a cikin akwati.

Abin da ake sayarwa

Abu na farko da ya kamata mai shiga sana'ar ya fahimta shi ne, ba zai iya gasa da mai facin bakin titi a kan farashi ba. Mai facin unguwa ba ya kashe ko kwabo wajen zuwa wurin kwastoma, ya daɗe a wurin, kowa ya san shi, kuma yakan yi wa yaran maƙwabta faci a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Duk wanda zai iya tura kekensa tafiyar minti biyar zuwa wurinsa, ba shi da dalilin kiran wani a waya.

Abin da mai tafi-da-gidanka ke sayarwa lokaci ne. Saboda haka kwastomansa na gaskiya shi ne mutumin da kai keke wurin gyara ke janyo masa asarar da ta fi kuɗin gyaran: mai tallan da zai rasa cinikin safiya, ma'aikacin da ba zai iya barin ofis ba, uwar da ba ta fita, gurgun da kekensa shi ne ƙafarsa. Wanda ya tsara neman kasuwarsa a kan waɗannan mutane zai ga ashe ba su da yawan da za su gagare shi ganowa, kuma yawancinsu suna taruwa a wurare sanannu, a lokuta sanannu.

A ƙasashen da sana'ar ta kafu, a kan wannan turba ta tashi. Kamfanin Velofix da ya fara aiki a birnin Bankuba na Kanada a 2013 ya mayar da motocin ɗaukar kaya shagunan gyara, suna zuwa gida da ofis bisa alƙawarin lokaci. Motar da manhajar ba su ne darasin ba ga matashin Jalingo, wanda jarinsa bai wuce sifana da filaya da famfo da sholisho ba. Darasin shi ne tara ayyuka da yawa a tsayawa ɗaya. Tafiya daga Sabon Gari zuwa Magami domin faci ɗaya asara ce ko da an biya ninki biyu. Tafiyar nan kuwa, idan kekuna shida ke jira a wurin, ita ce ribar ranar.

Inda kekuna ke kwana tare

Mafi kyawun wurin farawa shi ne duk inda kekuna da yawa ke ƙarƙashin ikon mutum ɗaya. Gidajen burodi da ke da masu kai kaya shaguna, wuraren da ke raba wa masu talla askirim da yogot, masu sayar da ruwan leda, da masu ba da hayar keke ga yara, duk suna da matsala iri ɗaya: keken da ya tsaya da safe yana nufin kayan da ba a sayar ba a ranar. Mai irin wannan wuri ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da za a gabatar masa shi ne a zo da asuba ko da yamma bayan masu talla sun dawo, sau ɗaya a mako, a duba birki da sarƙa da iskar taya na kowane keke, a gyara abin da ke shirin lalacewa kafin ya lalace a kan hanya. Idan aka daidaita a kan kuɗin mako ko na wata, mai gyaran ya samu abin da ya fi komai wuya a farkon sana'a, wato kuɗin shiga da ya san ranar zuwansu.

Akwai dabara a nan da sabon shiga kan manta. Mai gidan burodin ne zai biya, amma masu tallan ne za su yanke hukunci. Su ne ke hawa kekunan, su ne za su ce birkin ya kama ko bai kama ba, kuma kowannensu yana ratsa unguwanni da dama a rana yana hira da masu shaguna. Mai gyaran da ya kyautata musu ya samu masu yi masa shela kyauta a faɗin gari.

'Yan ga-ruwa ma suna cikin wannan sahu, duk da cewa ba keke suke hawa ba. Kurar da suke turawa tana ɗauke da jarkoki goma ko goma sha biyu masu cin lita 20 ko 25, nauyin da ya kai kilo 200 zuwa 300 a kan ƙafafu biyu. Irin wannan nauyi yana cin boris, yana lanƙwasa gargare, yana fasa taya, kuma kurar da ta zauna da kaya a tsakiyar lungu ba ta turuwa zuwa wurin gyara. Suna taruwa a bakin rijiyoyin burtsatse, sau da yawa kuma kurorin na mutum ɗaya ne da ke ba da su haya. Aikin nasu ba ya ƙarewa, musamman daga Fabrairu zuwa faɗuwar damina.

Sai masu keken guragu, waɗanda a ganin wannan marubuci su ne rukunin da sana'ar ta fi dacewa da su, aka kuma fi mantawa da su. Keken da ake tuƙawa da hannu yana amfani da sarƙa da gargare da taya irin na keken kowa, gyaransa ba ya buƙatar wani sabon ilimi. Bambancin shi ne, idan ya lalace mai shi ba ya iya sauka ya tura. Sai ya nemi wanda zai ɗauke shi, ya nemi wanda zai ɗauki keken, ya biya Keke Napep zuwa da dawowa. Masu buƙata ta musamman suna da ƙungiyoyi da shugabanni da wuraren haɗuwa, labari kuma yana saurin zagawa a tsakaninsu. Ba kasuwa ce mai kuɗi da yawa ba, dole farashin ya zama mai sauƙi, amma kwastoma ne da ba ya canza mai gyara idan ya samu mai amsa kira.

Makarantu suna da nasu tsarin. A ƙofar makarantun sakandare da na Islamiyya ana jera kekunan ɗalibai na sa'o'i biyar ko shida ba mai taɓa su, wanda shi ne ainihin lokacin da ake buƙata domin gyara. Sai dai ɗalibi ba shi da kuɗi a aljihu, kuma babu shugaban makarantar kirki da zai bar baƙo ya riƙa kwance kekunan yara ba da saninsa ba. Hanyar ita ce a fara da shugaban makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, a nemi rana ɗaya da za a duba birkin kowane keke kyauta, a rubuta abin da aka gani a 'yar takarda yaro ya kai gida, da lambar waya a ƙasa. Uban da ya karanta cewa birkin gaban keken ɗansa ba ya aiki sam, alhali yaron yana bin titin Hammaruwa a tsakanin motoci, zai kira. A Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, da Kwalejin Aikin Gona da ke kusa da ita, ɗaliban manya ne masu waya da 'yan kuɗinsu, kuma kusan kowane aji da kowane ɗakin kwana yana da zauren WhatsApp.

A ma'aikatu kuwa, kamar sakatariyar jiha da asibitoci, mabuɗin yana hannun masu gadi. Su ne suka san wa ke zuwa da keke, su ne ke tsaron wurin ajiyewa, da yawansu ma a kan keke suke zuwa aiki. Mai gyaran da ya fara da keken maigadi, ya yi masa aiki mai kyau, ya riga ya shiga ma'aikatar.

Akwai kuma kasuwar da ba a gani daga titi. A gidaje da yawa akwai keken da aka jingine a bayan ɗaki shekara biyu ko uku saboda ƙaramar matsala: taya ta mutu, sarƙa ta tsinke, feda ta karye. Wasu tsofaffin Raleigh ne, irin waɗanda aka taɓa harhaɗawa a Kano, ko Phoenix na ƙasar Sin, masu ƙarfen da ya fi na sababbin kasuwa ƙwari. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin sabon keke ya tashi, tayar da tsoho ya zama hanya mafi sauƙi. Haka nan kekunan yara a gidajen da maigida ke fita tun safe, uwargida kuma ba za ta ɗauki keke zuwa bakin titi ba. Irin wannan aiki a ƙofar gida ko a zaure ake yin sa, a bainar jama'a, kuma yaran unguwar da ke taruwa kallo su ne za su je gida su ce ga mai gyara ya zo.

Kasuwannin mako na kewaye, irin su Iware da Sunkani da Pantisawa, suna tara manoma masu kekunan ɗaukar kaya. Amma can babur yana aiki, kuma kowace kasuwa tana da masu gyaranta da suka riƙe gurbinsu. Wuri ne na faɗaɗawa daga baya, da sallama da neman izinin sarkin kasuwa.

Batun amana

Mai gyaran da ke gindin bishiya yana da abin da mai yawo ba shi da shi: gobe ma a nan za a same shi. Wanda ya zo daga wani wuri da akwati a bayan keke, mutane suna da haƙƙin yin shakkarsa, musamman a garin da matsalar tsaro ce ta sa aka hana babur tun farko. Baƙon da ke zagaya unguwa yana leƙen gidaje yana iya gamuwa da 'yan sintiri kafin ya gamu da kwastoma.

Shi ya sa gabatar da kai ga mai unguwa, da limami ko fasto, da shugaban matasa, ya zama aikin farko a kowace unguwa da ake son shiga. Jalingo gari ne na Fulani da Mumuye da Jukun Kona da Hausawa da sauran al'ummomi, Musulmi da Kirista. Hausa tana isar da saƙo a ko'ina, gaisuwa da Fulatanci ko Mumuyanci tana buɗe ƙofa, amma abin da ya fi duka shi ne a samu ɗan unguwa da zai ce, na san shi, ga wanda ya koya masa aiki.

Wannan ya kawo batun ubangida. Matashin da ya koyi gyara a hannun wani, kuskure ne ya ɗauki kansa kishiyar wanda ya koya masa. Tsohon mai gyara yana da kwastomomin da suka ƙaura zuwa nesa, yana da ayyukan da ake kiransa ba ya iya barin rumfa ya je, kuma yana da manyan kayan aiki, kamar na miƙar da gargare, da ba sa shiga akwati. Idan aka yi yarjejeniya a fili cewa zai riƙa turo kira yana samun kasonsa, shi kuma yaron yana kawo masa manyan ayyuka, duka biyun sun ci riba, kuma mai yawon ya samu adireshin da zai faɗa idan an tambaye shi inda za a same shi. Masu sayar da kayan keke a babbar kasuwar Jalingo ma haka suke. Kullum ana sayen taya ko sarƙa a hannunsu ana tambayar wa zai ɗaura.

Sauran abubuwan da ke gina amana ƙanana ne. A yi aikin a gaban mai keke duk lokacin da hakan zai yiwu. A faɗi kuɗin aiki da kuɗin kaya dabam-dabam kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, domin yawancin rigimar masu gyara da kwastoma daga nan take tasowa. A miƙa wa mutum tsohon abin da aka cire. Idan akwai taya mai araha da mai tsada, a nuna duka biyun a faɗi bambancinsu. Idan facin da aka yi ya buɗe cikin kwana biyu, a koma a sake ba tare da karɓar kuɗi ba. Wannan komawar tana da ciwo a lokacin da jari ke ƙarami, amma ita ce tallar da ta fi kowace tasiri, don mutane sun saba da masu aikin da wayarsu ke daina shiga da zarar sun karɓi kuɗi.

Bashi kuwa shi ne ramin da ke gefen amana. Sabon mai sana'a yana jin nauyin ƙin 'yan'uwa da abokai, su ne kuma sukan zama kwastomomin farko. Ana iya yafe kuɗin aiki ga wanda aka ga dama, tunda gumi ne. Kuɗin kaya jari ne, idan ya fita bai dawo ba akwatin zai wayi gari babu tayar da za a ɗaura wa mai biya.

Keken lantarki

A nan ake buƙatar taka-tsantsan, ta fuskar kasuwa da ta doka da ta fasaha. Kekunan lantarki ba su kai na feda yawa ba ko kusa, saboda haka wanda ya ce da su kaɗai zai fara zai daɗe yana jiran kira. Amma masu su suna da matsalar da masu keken feda ba su da ita: mai facin unguwa yana tsoron taɓa wayoyin, bakaniken babur ya saba da injin mai, mai gyaran rediyo kuma bai san ƙafar keke ba. Wanda ya haɗa ilimin biyu ba shi da abokan gasa da yawa.

Ta fuskar doka, abin da ake kira keken lantarki a kasuwa iri biyu ne. Akwai keke na ainihi mai feda wanda aka ƙara wa batir da ƙaramin inji, akwai kuma wanda siffarsa da gudunsa na babur ne, man fetur kawai ba ya sha. A birnin da aka haramta babur, wannan bambanci yana iya zama bambanci tsakanin hawa lafiya da rasa abin hawa a hannun jami'an tsaro. Mai gyara zai riƙa shan tambaya a kan haka, kuma amsar da ta dace ita ce a tura mai tambaya ga 'yan sanda ko hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ya ji daga bakinsu kafin ya zuba kuɗi.

Ta fuskar fasaha, yawancin abin da ke tsayar da keken lantarki gyaran keke ne na yau da kullum: faci, birki, boris, sarƙa. Nauyinsa da gudunsa ma suna sa ya fi saurin cin birki. Abin da ke ba wa masu faci tsoro shi ne tayar da injin ke cikin cibiyarta, domin wayar wuta tana fitowa ta cikin ƙarfen da tayar ke juyawa a kai, kuma wanda ya fizge ta ya jawo asara babba. Koyon cire wannan taya da mayar da ita lafiya shi kaɗai ya isa ya kawo kwastoman farko.

Daga nan sai ɓangaren wuta, wanda ke buƙatar mitar gwajin wuta da sanin lambobi kaɗan. Batiran da aka fi samu masu ƙarfin bolt 36 ne ko 48. Batirin litiyam na bolt 36 idan ya cika yakan nuna 42, na bolt 48 kuma yakan nuna 54.6, cajar kowanne kuma an yi ta ne daidai da wannan adadi. Masu araha sukan zo da batiran dalma na bolt 12 da aka jera uku ko huɗu, waɗanda suke da nauyi da gajeren rai, kuma ɗaya daga cikinsu idan ya mutu yakan ja sauran ƙasa. Sau da yawa keken da aka ce ya mutu, fis ne ya ƙone, ko mahaɗar waya ce ƙurar hunturu ko ruwan damina suka ci, ko kuwa 'yar na'urar da ke yanke wuta idan an kama birki ce ta maƙale, injin ya ɗauka har yanzu ana riƙe da birki. Mai gyaran da ya gano irin wannan cikin minti goma, ya karɓi kuɗin minti goma maimakon ya ce sai an sayi sabon batir, ya sayi kwastoma na shekaru.

Akwai iyakar da bai kamata a tsallaka ba. Buɗe batirin litiyam a ƙofar gidan mutane ba aikin tafi-da-gidanka ba ne. Batirin da ya kumbura, ko ya sha duka, ko yake zafi fiye da kima yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Zafin bazarar Jalingo, wanda kan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, yana rage ransa, haka ma caji da cajar da ba tasa ba, ko da janareto mai wutar da ke hawa da sauka. Shawarar a ajiye keke a inuwa, a bar batir ya huce kafin a sa shi caji, kada kuma a bar shi a caji a ɗakin kwana cikin dare, kyauta ake ba da ita, kuma tana sa a riƙe lambar mai bayarwa.

To ina ake samun masu kekunan? Hanya mafi gajarta ita ce wurin wanda ya sayar musu. Dillalin keken lantarki yana fuskantar tambaya ɗaya daga kowane mai saye, wato wa zai gyara idan ya lalace, kuma rashin amsa yana kashe masa ciniki. Mai gyaran da ya je ya ce zai riƙa harhaɗa sababbin da aka kawo a kwali, ya kuma duba kowanne bayan wata ɗaya, ya warware wa dillalin matsala, shi kuma ya samu sunan kowane mai saye tun ranar farko. Masu haɗa wutar sola da masu shagunan cajin waya su ma abokan hulɗa ne, don a garin da wutar kamfanin YEDC ba ta tsayawa, wurinsu masu batir ke zuwa.

Sai a kula da alƙawarin kayan gyara. Akwatin sarrafa wuta ko caja ko hannun ba da wuta, daga Kano ko Onitsha ko Legas ake kawo su, hanyoyin shiga Jalingo kuma ba su da tabbas. Rushewar gadar Namnai da ke kan hanyar Wukari a daminar 2024 ta nuna yadda kaya daga kudu kan iya makara. Gara a ce mako biyu a kawo cikin kwana goma.

Waya da littafi

Tallar da ta fi arha ita ce akwatin kansa: a yi masa fenti mai haske, a rubuta sana'ar da lambar waya da manyan baƙaƙe a gefe uku, a kuma riƙa bin hanyoyi ɗaya a ranaku ɗaya har mutane su san cewa Talata ranar unguwarsu ce. Hoton keke kafin gyara da bayan gyara a WhatsApp ko Facebook yana aiki a wurin ɗalibai da ma'aikata, da izinin mai keken. Sanarwa a gidan rediyon jiha na TSBS tana kai wa nesa, amma biyan kuɗinta kafin a iya amsa kira daga kowane ɓangare na gari ɓarnar jari ce. Ranar Keke ta Duniya, 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2018, hukumar FRSC takan yi gangamin hawa keke domin tunawa da ita, kuma duk inda aka yi irin wannan taro mai famfo da sifana yana da aikin yi.

Layin wayar sana'a ya kamata ya zama ɗaya, a buɗe, da caji. Kiran da ba a ɗaga ba yakan koma wurin mai facin unguwa, ba ya dawowa. Asusun karɓar kuɗi ta waya, na banki ko irin su OPay da Moniepoint, yana rage uzurin babu canji. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba dole ba ce domin yi wa maƙwabci faci, amma makaranta mai zaman kanta ko kamfanin da zai biya kuɗin wata yakan nemi takarda da rasit, kuma shirye-shiryen tallafi na hukumomi irin su SMEDAN sukan nemi shaidar cewa sana'ar tana nan.

Abu na ƙarshe da ke cikin akwatin shi ne littafi na 'yan naira. A rubuta sunan kowane kwastoma da unguwarsa da irin kekensa da abin da aka yi masa da kwanan wata, da kuma wanda ya turo shi. Bayan wata uku, wannan shafi na ƙarshe zai nuna cewa kira mafi yawa daga mutum uku ko huɗu suke fitowa, wataƙila maigadi ɗaya da mai sayar da taya ɗaya da shugaban masu talla, kuma su ne ya kamata a riƙa gaisarwa. Sauran shafukan za su nuna wanda aka canza wa robar birki a watan Janairu, wanda ya kamata a buga masa waya a ƙarshen Afrilu, kafin ruwan farko ya jiƙa titunan gari.